'Yata tana ta "sss, a, t" amma ba ta iya ABC ba, wai foniks ake koya musu

Maman Biyu: Assalamu alaikum malamai da iyaye. Don Allah a fid da ni daga duhu. 'Yata tana nazare biyu, ta kusa shekara biyar. Zango biyu ke nan muna biyan kuɗi, amma in ka ce ta karanto ABC sai ta zuba maka ido. Abin da ta iya shi ne ta riƙa murɗa hannu kamar maciji tana "sssss", ko ta riƙa tafiya da yatsu a damtsenta tana "a, a, a", wai tururuwa ce ke hawanta. Jiya babanta ya nuna mata S a jikin gwangwanin madara ya ce mene ne wannan, ta ce "sss". Ya ce a'a, "es" ne. Buɗar bakinta sai ta ce Antinsu ta ce ba haka ba ne. Yanzu ya rantse zango mai zuwa zai cire ta. Makarantar sun ce foniks suke yi. Mene ne foniks ɗin nan, kuma yaushe za ta fara karatu na gaskiya?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki bai yi laifi ba. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli. Da ABC muka koya, da ABC muka koyar, kuma a cikin ɗalibaina akwai likita akwai alƙali. Yanzu kowace shekara sai an zo da sabon salo da sabon littafi, iyaye su biya.

Malamar Aji Ɗaya: Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini haƙuri in ɗan sa baki. Maman Biyu, kada ku cire ta tukuna. Kowane harafi yana da abu biyu: sunansa da sautinsa. "Es" suna ne, "sss" shi ne abin da harafin ke faɗa idan ya shiga cikin kalma. Babanta ya faɗi gaskiya, ita ma ta faɗi gaskiya, tambaya biyu daban suke amsawa.

Ki gwada da kanki. Ɗauki kalmar cat, kyanwa. Kira sunayen haruffan da sauri: si, e, ti. Me ya fito? "Siyeti". Babu kyanwa a nan. Yanzu kira sautin: k, a, t. Ƙara sauri. Kin ji ta fito da kanta. Foniks ke nan a taƙaice: a koya wa yaro sautin da harafi ke wakilta, sannan a koya masa ɗinke sautukan su zama kalma. Ɗinkewar nan ita ake kira bilendin a wajen bita, kuma ita ce karatun. Kishiyarta ita ce ki faɗi kalma yaro ya fasa ta, ya ji cewa dog sauti uku ne, d, o, g, ya rubuta. Wannan kuma ita ce ke haifar da iya rubutu.

Maman Biyu: To me ya sa ba su fara daga A ba? Littafinta daga S ya fara, sai A, sai T. Na ɗauka ma kuskuren bugawa ne.

Malamar Aji Ɗaya: Da gangan ne. Daga maciji da tururuwar da kika faɗa na gane wani tsarin koyar da foniks mai suna Jolly Phonics suke bi. Shi ya kasa sautuka 42 gida bakwai, gidan farko shi ne s, a, t, i, p, n. Da haruffa shidan nan kaɗai yaro zai karanta sat, sit, pin, pan, tap, tin, ant, nap, har snap da spin. Ki jera a, b, c, d, e, f ki gani, kalma nawa za ki samu? Kuma an raba b da d, ba a kawo su tare, don su ne yara suka fi juyawa.

Alaramma: Ni fa duk abin da Malama ta faɗa ban ji baƙon abu ba. Mu a makarantar allo yaro da babbaƙu yake farawa, ya san baƙaƙen tsiraransu. Sai a kai shi farfaru, a sa wa baƙi wasali, ya fara haɗawa. A Islamiyya ma ai haka ne: ba da fataha "ba", da kisra "bi", da rufu'a "bu". Ashe Turawa sai yanzu suka iso.

Ɗalibin Harshe: Allah gafarta Malam, ka kusa kama ta. Haka ma a darasin Hausa na firamare, auren baƙi da wasali muke cewa: ba, be, bi, bo, bu. Amma akwai inda hanya ta rabu, kuma a nan malamanmu da yawa ke tuntuɓe. Hausa da gaɓa take tafiya, baƙi ya auri wasali. Ingilishi kuwa yana jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani, kamar stop ko strong. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa duk kalmar da muka ara sai mun cusa mata wasali: burodi, direba, fulawa, tireda. Kalmar firamare ma kanta shaida ce.

To idan malami ya zo koyar da sauti da wannan harshen, sai ka ji yana cewa "ka, a, ta" maimakon k, a, t. Yaro ya ɗinke ya samu "kaata". Na taɓa zama a bayan wani aji na ji yara kusan tamanin suna rera "ba, ka, da, fa, ga" da ƙarfi, malamin yana murna wai foniks yake yi. Wannan farfarun Hausa ne aka sa wa rigar Turanci.

Malamar Aji Ɗaya: Wallahi ni ma haka na fara. Sai da mai ba mu horo ta sa na ɗora hannu a maƙogwaro. Ta ce t da p da k da s ba su da murya, iska ce kawai, in kin ji maƙogwaronki na rawa to kin ƙara wasali. M kuma ki rufe baki ki ja, "mmm", ba "ma" ba. B da d da g su ne masu wuya, dole ɗan wasali ya leƙo, sai dai a datse shi da wuri.

Baban Ajin Yamma: Tambaya. Kun ce sautuka 42, haruffan kuma 26 ne. Ina sauran suka fito?

Ɗalibin Harshe: Nan ne rigimar Ingilishi take. 42 lissafin Jolly Phonics ne, masana harshe kuwa suna ƙirga ƙwayoyin sauti wajen 44 a Ingilishin Birtaniya, baƙaƙe 24 da wasula wajen 20. Ƙwayar sauti ita ce mafi ƙanƙantar sautin da in ka canja shi ma'ana ta canja, kamar yadda ƙ da k suka raba ƙafa da kafa, ko ɗ da d suka raba ɗaki da daki. Mu da muka rasa haruffa sai muka yi wa wasu ƙugiya. Su kuwa ba su ƙara harafi ba, sai suka riƙa haɗa biyu su ba da sauti ɗaya: sh a ship, ch a chin, th, ng, ai a rain, ee a feet, oa a boat. Shi ne dayagiraf. Kada sunan ya tsorata kowa, baƙi mai goyo ne irin namu: sh a shanu, ts a tsuntsu, ky a kyanwa, gw a gwanda. Akwai ma mai goyon biyu, igh a night, harafi uku sauti ɗaya.

Shi ya sa in za a ƙirga wa yaro, sauti ake ƙirgawa ba harafi ba. Ship harafi huɗu ne, sauti uku. Night harafi biyar, sauti uku.

Amma a bambance goyo da jeri. A stop ana jin s ana jin t, kowanne da kansa, maƙwabtaka kawai suka yi. A ship ba a jin s, ba a jin h, wani sabon sauti ne ya fito. Na ga littattafan kasuwa da suka cakuɗa su a shafi ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Madalla, ɗana, ka kawo ni inda nake jira. Tunda kun ce sauti ne mabuɗi, ku karanta mini waɗannan da sautin naku: though, through, tough, cough. Haruffa huɗu iri ɗaya a ƙarshe, furuci huɗu. Ga bread, bead, break. Ga said, ga one, ga was. Yaren da ba ya cika alkawari ta yaya za a koyar da shi da doka? Haddace kalma ita ce mafita, kuma ita muka yi.

Malamar Aji Ɗaya: Baba, ba wanda ya musa maka wannan. A tsarin ma akwai su, ni "masu taurin kai" nake ce wa yarana: the, said, was, one, you, come. Ana koyar da su kaɗan-kaɗan a gefe tun farko, don ba jimlar da za ka yi ba the. Amma ko su ba duka jikinsu ne ke da taurin kai ba. A said, s da d lafiyarsu ƙalau, tsakiyar ce kawai za a ja wa layi a ce nan ne ta kauce. Yaro ya haddace guntu, ba ya haddace kalmar duka kamar hoto.

Kuma kalma nawa yaro zai haddace? Ɗari biyu, ɗari biyar? Ranar da ya ci karo da wadda ba a nuna masa ba fa? Ina da yara da suka zo mini daga wata makaranta, suna zuba littafin aji kamar ruwa. Na rufe hoton da tafin hannu, shiru. Na rubuta kalmar a allo ita kaɗai, shiru. Ashe shafin suka haddace.

Tsohon Hedimasta: Wannan laifin malami ne ba laifin ABC ba.

Ɗalibin Harshe: Ranka ya daɗe, ina jin ɗalibanka da suka zama likitoci sun gano dokar sautin ne da kansu a hanya, don yaro mai kaifi yana yin hakan ko ba a gaya masa ba. Maganar ita ce sauran da suka zauna a bencin baya har aji shida. Af, kuma kada mu cika baki da Hausa, mu ma rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, jimla ce ke raba su.

Baban Yara a Ingila: Salam. Bari in ba da abin da na gani a nan. Wannan gardamar da Baba ke yi da Malama, Turawan ma sun shekara da shekaru suna yin ta. Wani bincike da aka yi a Clackmannanshire ta Sikotilan, inda aka bi yara tsawon shekara bakwai, ya ƙarfafa masu cewa a fara da sauti a ɗinke. A 2006 rahoton wani masanin ilimi, Jim Rose, ya ba gwamnati shawarar haka, daga nan ya zama tsarin makarantun Ingila. Tun 2012 kuma duk yaron da ke aji ɗaya ana yi masa gwaji a watan Yuni. Kalma 40 ce, malaminsa zai zauna da shi shi kaɗai ya karanta. Rabinsu kalmomin gaske, rabi na ƙarya ne da aka ƙirƙira, an zana ɗan dodo a gefen kowace don yaro ya ɗauka sunan dodon ne. Ana neman 32. Wanda bai kai ba ya sake a aji biyu.

Da ɗana ya kawo takardar gwaji gida na ce wace irin wauta ce a sa yaro karanta abin da ba shi da ma'ana. Malamarsa ta ce ai shi ne amfanin, kalmar ƙarya ba ta haddatuwa, in ya karanta ta to da gaske ya iya ɗinkewa.

Tsohon Hedimasta: To ai ka ba ni makami, Alhaji. Ɗanka da ya karanta nap ya san gyangyaɗi ake nufi, don da Turanci ake masa magana a titi da gidan maƙwabta. Yaron ƙauyenmu in ya ɗinke n, a, p ya ce nap, me ya samu? A wajensa duk kalmomin Turanci sunan dodo ne. Ku kuna fitar da aku, ku ce kun fitar da mai karatu.

Malamar Aji Ɗaya: Kai Baba! Wannan ta shige ni, kuma gaskiya ce. Ba zan yi musu ba.

Ɗalibin Harshe: Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi yau. Wasu masana biyu, Gough da Tunmer, sun kawo wani lissafi a 1986: fahimtar karatu ita ce iya fassara rubutu zuwa sauti, sau fahimtar harshen da ake magana. Sau fa, ba tarawa ba. In ɗaya sifili ne, amsa sifili. Yaron Baba na ƙauye yana da na farko babu na biyu. Yaron da ke jin Turancin katun amma bai iya ɗinke sauti ba yana da na biyu babu na farko. Duka biyun ba su karanta ba. A Amurka ma kwamitin da ya duba koyar da karatu a 2000 abu biyar ya lissafa, foniks ɗaya ne kawai a ciki: sauran su ne jin sautuka a kunne tun kafin harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta.

Shi ya sa ni ra'ayina a fara koya wa yaro ɗinke sauti da Hausa, inda in ya haɗa ra da go ya ga rago a idon zuciyarsa. Shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato a kan wannan tunanin aka gina shi. Dabarar ɗinkewa sau ɗaya ake koyonta, sai a ɗauke ta a kai Turanci, a lokacin kuma yana ta jin Turancin baka a waƙa da labari.

Maman Biyu: Amma ba zai rikice ba? Yayanta da ya iya karatun Hausa yana kiran cat "cat" kamar c ɗin cokali.

Malamar Aji Ɗaya: Zai ɗan rikice, amma wuraren ƙididdigaggu ne, sai a tare su. C na Hausa shi ne ch na Turanci, a gaya masa kai tsaye. U na cup ba u na kudu ba ne. Sai haruffan da babu su a bokon Hausa: p, q, v, x. Sauran kuwa riba ce, don m, n, s, t, b, d, l duk ya riga ya san su, kuma a, e, i, o na Hausa sun fi kusa da sautin da ke cikin pan, pen, pin, pot fiye da sunayensu na ABC. Sunan I ai "ai" ne, sunan E kuma "i". Kin ga inda ABC ɗin ma ke rikita ɗan Bahaushe.

Babban yaƙinmu p da f ne. Ni takarda nake yankawa siririya, kowa ya riƙe a gaban leɓe. In ka ce p daidai, leɓe biyu su haɗu su fashe, takarda ta yi tsalle. F kuma haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, iska ta ja. Sai mu yi ta pan da fan, pin da fin, pull da full. V da b ma haka, van da ban. In malamin da kansa bai raba su ba, sai ya fara gyara nasa a gida da madubi, ba abin kunya ba ne.

Alaramma: Wancan th ɗin da yaranmu ke ce wa "za" da "zis", na ji an ce harshe ake sawa tsakanin haƙora. In haka ne ai duk yaron da ya yi tajwidi ya san mafitarsa. Ɗaya irin ta ث ce, ɗaya irin ta ذ.

Ɗalibin Harshe: Daidai, Allah gafarta Malam! Na thin shi ne na farko, na this shi ne na biyu. Wallahi da malaman Turanci za su ce wa yara "irin na Islamiyya" da an huta.

Baban Ajin Yamma: Ni dai abin da ke ba ni haushi, makarantar yarana foniks darasi ne daban da kuɗinsa daban. Wani ne ke zuwa ranar Laraba ya koya musu lanƙwasa harshe su ce "wota" kamar 'yan Landan. Shi ke nan foniks?

Malamar Aji Ɗaya: A'a Malam, wannan gyaran lafazi ne, an ba shi sunan da ke sayuwa. Foniks ba yanga ba ce, kuma ba a yin ta sau ɗaya a mako. Kullum ne, minti ashirin ko kusa da haka: a maimaita na jiya, a kawo sabon sauti, a ɗinke kalmomi da shi, a rubuta. Ka tambayi yaranka su karanta maka kalmar da ba su taɓa gani ba, kamar mop ko shed. In sun iya, kuɗinka bai faɗi ba.

Maman Biyu, ke ma abin da za ki yi ke nan. Yanka kwali shida, rubuta s, a, t, i, p, n da ƙananan haruffa. Jera s, a, t ki ce ta faɗi kowanne sannan ta haɗa. Cire a ki sa i. In ta yi zango biyu tana waƙa da murɗa hannu kawai ba ta fara haɗawa ba, to ni ma zan ce ku je ku tambayi makarantar, don wasu a waƙar suke tsayawa. Sunayen haruffa kuma za su zo, ana buƙatarsu wajen duba ƙamus da kuma lokacin da aka kai ga e ɗin ƙarshe da ba a furtawa, wadda ke sa wasali ya faɗi sunansa: tap ya koma tape, pin ya koma pine, hop ya koma hope. Yara "e mai sihiri" suke ce mata.

Alaramma: A canja mata suna dai, Malama.

Malamar Aji Ɗaya: To Allah gafarta Malam, daga yau "e mai shiru" ce.

Maman Biyu: Na dawo. Bayan magariba na yanka kwalin sabulu na yi yadda Malama ta ce, babanta na zaune. Ta karanta sat da sit ba gargada. Tap ta ɗan tsaya, ta maimaita sau biyu sannan ta faɗa. Da na jera p, i, n sai ta ce "fin". Babanta ya yi dariya ya ce wannan kam gado ne, ba laifin makaranta ba. Na tambaye ta mene ne sat, ta ce ba ta sani ba, sai na zaunar da 'yar tsanarta na nuna mata. Ya ce ya ƙara mata zango ɗaya, amma shi zai riƙa koya mata waƙar ABC a mota.

Tsohon Hedimasta: Ki gaishe shi. Ki ce masa Baba ya ce ya riƙa gaya mata ma'anar da Hausa kuma.

Baban Ajin Yamma: Malama, kafin ki kwanta: x fa, wane sauti za a ce? Littafin yarana xylophone aka zana.

Malamar Aji Ɗaya: Manta da wannan hoton. K da s ne a manne, "ks", kuma a ƙarshen kalma za ka nuna musu: box, six, fox. Kwalin ashana ma ya isa misali.